Duwatsun Arzika Mai Rijiya

Ranar da aka yi zaman nan a gidan ƙanena Arzika mai rijiya, a Argungu, mu bakwai ne. Akwai ni Kulu, babbarsu duka. Akwai Arzika kansa, zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da jakar fata a kan cinya. Akwai matarsa Ige, da 'ya'yansa biyu, Sahabi da Manu, magidanta, waɗanda ke riƙe masa igiya in ya shiga rijiya. Akwai Malam Namadina limamin unguwarsu. Sai ɗiyata Luba, ungozoma a nan Birnin Kebbi, wadda ta raka ni, kuma ita ke rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban taɓa riƙe alƙalami ba.

Na jera sunayensu ne saboda tun da na dawo daga Yamai mata ke sintiri a gidana. Wannan ta ce yaya garin yake, waccan ta ce da gaske ne na ga ƙashin dodo. Na gaji da maimaitawa. Ga shi sau ɗaya, kuma wadda ta ji wani abu dabam sai ta tambayi ɗaya daga cikin mutanen nan.

Sahabi ne ya fara magana ran nan, kansa a ƙasa.

"Gwaggo, ba ƙin Baba muke yi ba. Rijiyar da munka haƙa a Gulma ta karkace, mai ita ya sallame mu. Shekara arba'in Baba na wanga aiki, kin taɓa jin rijiyarshi ta karkace? Sannan ga duwatsun nan. Da su yake yini, yana shafa su."

Duwatsun na san su. Tun yana saurayi ake ɗaukar Arzika aiki har gabashin Sakkwato, inda ƙasa ke da farin dutse. A can, gaba goma sha wani abu a ƙarƙashin ƙasa, ya riƙa samun katantanwa da haƙoran kifi da suka koma dutse. Ya yi ta tarawa ba wanda ya kula. Abin da ya canza shi ne ya fara magana. Ya faɗa a majalisa bayan Juma'a cewa ruwa ya taɓa rufe ƙasar nan duka. Ya ce kowane manomin shinkafa ya san ambaliya na barin laka a fadama, a shekara ba ta kai kaurin yatsa ba. To lakar da shi ya ratsa hawa-hawa, har ta daskare ta zama dutse, shekara nawa ke nan? Ya ce shekara dubu bakwai da tsofaffi ke ba duniya ba za ta isa ba. Aka yi dariya, daga dariya aka koma raɗa.

Manu ya ce, "Na ce mishi gaiwa ce. Gaiwa na shiga laka ta yi rani a ciki."

Na karɓi haƙori ɗaya na duba. Mu 'ya'yan masunta ne, ni da Arzika, a cikin ƙarnin kifi aka yaye mu. Na ce, "Gaiwar garinku ce ke da haƙori irin wanga?"

Malam Namadina ya ce shi bai ga saɓo a maganar ba, don Allah bai ba kowa lissafin shekarun duniya ba. Amma ya ce ciwon kai ba fanninsa ba ne. Abin da yaran ke so shi ne in yarda a kai uban nasu gidan masu taɓin hankali, can wajen Sakkwato. Ige na ta share ido da gefen mayafi. Ni kuwa na san abin da ke biyo baya. Ko an dawo da mutum lafiya lau, sunan ya riga ya manne. Ba a sake karɓar shaidarsa, ba a sake tambayarsa shawara, yara su riƙa kauce masa a hanya.

Luba ce ta ce wata da ta karɓi haihuwarta, matar direba, ta gaya mata a Yamai, can ƙetaren iyaka, akwai gidan da gwamnatinsu ke ajiye ƙasusuwan da aka tono a ƙasa, da mutanen da suka san su.

Na ce, "To ba mai taɓa shi sai na tafi na gani. In an ce muna can duwatsun banza ne, ni da kaina zan raka ku Sakkwato."

Sai a nan Arzika ya ɗago kai ya ce, "Na yarda, Yaya."

Shekarar da aka sake buɗe iyaka ce, cikin bazara. Luba ta yi mana takardu da katin allura. Muka tashi daga Birnin Kebbi ranar Talata da hantsi, mu uku, ni da Luba da Arzika, a wata ƙaramar bas da aka cusa mana buhunan albasa har ƙarƙashin ƙafa. Mai albasar wata mata ce 'yar Augie, ba ta rufe baki ba daga Kalgo har Bunza. Ta tambaye ni ko biki za mu, na ce a'a. Ko gaisuwar mutuwa, na ce a'a. Ko asibiti. Na ce mata za mu duba ƙashi ne. Ta matsa can gefe ta bar ni na miƙe ƙafata.

A Kamba aka sauke mu duka. Namu ma'aikatan suka duba takardu suka sallame mu. Gaba kaɗan sai ga nasu, jandarmomi, da hula mai baki. Wani dogo ya riƙa yi wa Luba Faransanci, ita tana mayar masa da Turanci, ba wanda ke jin wani. Sun fi ƙarfin minti goma a haka. Sai da ya buɗe jakar Arzika ya ga duwatsu, bakinsa ya suɓuce ya ce, "Mi ne ne wanga kuma?" Ashe Ba'are ne, Bahaushen ƙasarsu, Hausa a bakinsa ta fi tamu.

Na ce, "Ɗan nan, kana jin magana ka bar mu tsaye cikin rana?"

Ya yi murmushi ya ce, "Aikin ne haka, Inna. Magani ne?"

"Ba magani ba ne."

"Na sayarwa ne?"

"Wa zai saya?"

Arzika ya gyara tsayuwa zai fara bayanin laka da ambaliya, na taka masa ƙafa. Jandarman ya ɗauki haƙori ɗaya ya goga a babban yatsansa don ya gwada, sai ga jini. Ya sa yatsan a baki, ya rufe jakar da ɗaya hannun, ya ce mu tafi Allah ya kiyaye hanya. Luba ta ba shi auduga daga jakarta.

A Gaya na fara ganin Kwara. Ni da na girma a bakin Gulbi, ban taɓa zaton akwai ruwan da ya fi shi ba. Na tsaya ina neman wancan gefen, na ga mutanen can kamar ƙudaje. Wani mai jirgi ya ce min Gulbinmu gaba ɗayansa zuwa yake ya zube a cikin wannan, can ƙasa, kuma ba a ko gane ya shigo. Ban ji daɗin maganar ba, amma ban musa ba.

A nan muka ci abincinsu na farko. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, suna saƙale shi a hammata ba ko takarda. Na gatsa, ya yanke min dasashi. Sai da mai shayi ya nuna min a tsoma ake yi.

Ba mu kai Yamai ran nan ba. Kafin Doso wani ƙarfe ya karye a ƙarƙashin motar, muka shiga garin a hankali kamar masu rakiyar gawa. Wata Bazabarma mai sayar da abinci a tasha, Hamsatu, ta ga tsohuwa da tsoho ta ce mu zo gidanta. Su komai "fofo" ne, wato sannu. Ka shigo fofo, ka ci fofo, ka yi atishawa ma ina jin fofo ne. Ta kawo dambu da zogale, an murmushe ƙuli-ƙuli a kai da ɗanyar albasa. Na ci, na ce mata da ɗan kifi a ciki da ya yi. Ta ce, "Ku Kabawa ko fura sai kun sa kifi." Na ce ai shi ya sa muke da ƙashi. Mace ce mai tsabta, na duba bayan tukwanenta. Abu ɗaya na ƙi a gidan, 'ya'yanta mata na gaishe da manya a tsaye.

A gidan nan na fara lura da wani abu. Da aka ajiye wa Arzika kwano, ya miƙa hannu ya sauka a kan tabarma, gefen kwanon. Ya yi kamar yana kaɗe ƙasa, sannan ya laluba ya samu. Da safe da za mu koma tasha, na ga ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji ƙarar silifas ɗin Luba, sannan ya bi ta. Na ajiye abin a raina tukuna.

Yamai gari ne mai faɗin tituna. Mata na tuƙa ƙananan babura da ɗaurin kallabi har sama, ba mai kallonsu sai ni. Mun sauka a bakin ruwa, unguwar masunta, wurin ɗan wani abokin mahaifinmu da ya yi shekara talatin a can. Gidan kamar Argungu, har warin bandar kifin iri ɗaya.

Washegari muka tafi gidan ƙasusuwan, muka isa rana tsaka, aka rufe ƙofa a gabanmu. Ashe a ƙasar nan in rana ta take kowa gida yake tafiya ya kwanta, daga babban ma'aikaci har masinja, sai wajen la'asar a dawo. Na ce wa Luba da a Kebbi ne da an ce lalaci. Bayan na yi awa uku a ƙarƙashin bishiya cikin zafin nan, na ce mata wataƙila su ke da gaskiya.

Da aka buɗe, aka nuna mana wata rumfa babba. Mai tsaronta wani dattijo ne Ba'adare, siriri, da goro a kunci, ana ce masa Baba Alhusaini. Abin da na fara gani wata dabba ce a tsaye, ƙashi zalla, ta fi raƙumi nesa ba kusa ba, ga jela kamar kututturen giginya. Na ce, "Wa ya yanka wagga? Gari nawa sunka ci naman?"

Dattijon ya yi dariya har ya tofar da goronsa. Ya ce, "Hajiya, lokacin da wagga ta mutu ba a halicci mai wuƙa ba."

Na ce, "Ban je Makka ba, kar ka ɗora min."

"To Inna. Zo ki ga wanga, ki hwaɗa min ko mi ne ne."

Ya kai ni ɗaya gefen. Kai ne a shimfiɗe, da ƙasusuwan baya a jere. Kan kaɗai, da zan kwanta kusa da shi, ya kai tsawona. Na zagaya shi a hankali. Mahaifinmu na cikin masu kamun kada a zamaninsa, ni ke wanke fatar ina yarinya, hannuna ya san kowane tudu a jikinta. Na ga ramukan ido a bisa kai, ba a gefe ba. Na ga haƙoran kamar turaku. Na ga faya-fayan ƙashin nan na gadon baya, masu ƙananan ramuka, a jere sahu biyu. Bakin dogo ne siriri, irin na mai cin kifi.

Na ce, "Wanga kada ne. A wane gulbi anka kama shi?"

"Ba kama shi anka yi ba. Tono shi munka yi. Ina saurayi ina cikin leburorin da Turawa sunka ɗauka. Can bayan Agadas, cikin rairayi, inda raƙumi ke kwanaki bai ga ruwa ba. Ko ciyawa babu."

Na ce, "Kada ba ya nisa da ruwa. In ya yi nisa, jifa biyu."

"To ga shi."

"Kuma mai wanga girma, sai ruwan da ya fi wanda na gani a Gaya, da kifi kamar kwalekwale."

"Mun tono kifin ma."

Na nemi wuri na zauna a kan benci. Da wani ne ya gaya min an ga ƙashin wata dabba da ban sani ba, da na ce Turawa ne da ƙirƙire-ƙirƙirensu. Amma kada ba wanda zai koya min shi.

Arzika ya kwance jakarsa a ƙasa. Baba Alhusaini ya tsuguna ya juya duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Ya ce a ƙasarsu ta Adar irin waɗannan a kan tuddai suke a warwatse, awaki na taka su. Ya ce na ruwan gishiri ne, malaman da ke zuwa nan sun ce teku ta taɓa shigowa ta kwanta daga arewa har ƙasar Sakkwato, sannan ta janye. Haƙoran kuwa na wani kifin teku ne mai cin 'yan'uwansa. Ya dubi Arzika ya ce, "A rijiya ka same su? Gaba nawa?" Suka shiga maganar farin dutse da baƙar laka da wadda ke sama da wadda ke ƙasa, kamar sun yi shekara ashirin tare. Ban taɓa ganin an tambayi ƙanena abu a kan duwatsun nan ana jiran amsarsa ba sai ran nan.

Na katse su na ce, "Shekararshi nawa, wanga kada?"

Dattijon ya ce sun fi miliyan ɗari. Luba ta ce min dubu sau dubu, sannan sau ɗari. Na ce ta bari, kaina ba rumbu ba ne.

Baba Alhusaini ya ce shi ma bai yi boko ba, sauraro ya yi, shekara da shekaru malamai na kawo ɗalibai rumfar nan. Ya ce, "Su Turawan ma ba nan sunka fara ba. Kakanninsu lissafin haihuwa sunka yi, wane ya haifi wane, sunka tsaya wajen dubu shida. Sai masu haƙar ƙasa, irin ƙanen nan naki, sunka duba hawa-hawan laka sunka ce bai isa ba. Su ma an yi musu dariya. Sai wani ya auna gishirin teku ya ƙara. Wani ya ce ƙasa da zafi ta fara, kamar tukunyar da anka sauke, ya auna hucewarta ya ƙara. Yanzu wai akwai wani abu cikin dutsen kanshi da ke raguwa a hankali, da shi suke awo, lissafin ya wuce duk na baya."

Ya gyara goronsa ya ci gaba. "Sama ma haka. Da cewa anka yi rana ke kewaya mu, taurari kuma fitilu ne a manne. Sai anka ce a'a, rana ma tauraruwa ce, kusa ce kawai take. Sai anka ce farin zanen nan da ke ratsa sama garke guda ne na taurari, mu muna cikinshi, shi ke nan iyaka. Ba a daɗe ba anka gano wasu garkunan bayanshi, ba su ƙirguwa. Har yau malaman ba su daidaita kan shekarun sama ba. Wani ya zo ya hwaɗi nashi, wani ya zo ya ninka."

Na ce, "To mutanen da ke canza magana kowace tsara, yaya za a riƙe maganarsu?"

Arzika ne ya amsa. Ya ce, "Yaya, in ina ƙasan rijiya, sama ba ta wuce faifai ba. In anka ja ni gaba biyar, ta zama tabarma. Da na ce faifai ce ba ƙarya na yi ba, abin da na gani ke nan daga inda nike. Mai ƙarya shi ne wanda anka jawo sama ya ce har yanzu faifai ce."

Na gyara mayafina na miƙe daga kan bencin. Luba ta kalle ni ta kau da kai, don ta san ba kasafai nake barin magana ta wuce ni ba.

Kafin mu fita Arzika ya roƙi a bar shi ya taɓa ƙashin kadan nan. An hana taɓawa, amma dattijon ya leƙa waje ya ce ya yi sauri. Arzika ya matsa ya miƙa hannu, hannun ya tsaya cikin iska, taki guda daga ƙashin. Abu mai girman jirgi a gabansa bai san inda yake ba. Baba Alhusaini ya kama wuyan hannunsa ya ɗora masa a kan haƙoran, sai ya ɗago ya dube ni.

Da yamma na ce wa Luba ta shiga gida, na zaunar da Arzika a kan wani kifaffen jirgi a bakin ruwa.

Na ce, "Jirage nawa ne a gabanmu?"

Ya ƙura wa ruwan ido, ya kasa ƙirgawa.

"Tun yaushe?"

"Damana biyu," ya ce. "Kamar hayaƙi ya fara. Yanzu haske da duhu nike rabewa, sai abin da ke dab da ni."

"Rijiyar Gulma fa?"

Ya ce mai haƙa yakan saki igiya da dutse daga sama ya duba ko bangon na bin ta. Shi ya daina ganin igiyar, ya riƙa yi da ƙiyasi. Ya ce mutane na gaishe shi a hanya bai san ko su wa ne ne ba, sai ya sunkuyar da kai ya wuce, ana cewa ya daina amsa sallama. Shi ya sa ya koma zaman gida da duwatsunsa, su hannu ke ganinsu.

Na ce, "Ka gwammace a ce maka mahaukaci da a ce makaho?"

"Mahaukaci ana sa ran ya warke ya koma aiki, Yaya. Wa zai saki makaho cikin rijiya?"

Na yi masa faɗa sosai, irin wanda ban yi masa ba tun yana yaro. Na ce da bangon rijiya ya rufto masa fa, ko ya kwance igiyar da ba ita ba? Da na gama na ga ni ma ina da nawa. Ina Birnin Kebbi, tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, damana biyu ban zauna na dubi idon ƙanena ba. Luba ta duba shi da fitilarta, ta ce yanar ido ce, ana cirewa a asibiti, wani ya gani sarai wani ya samu sauƙi kawai.

Dawowa ba abin faɗa sosai. Mun tsaya Doso na ba Hamsatu busasshen kifi don ta gyara dambunta. Jandarman nan na bakin aikinsa, ya ɗaga mana yatsansa daga nesa. Muka wuce Argungu kai tsaye, na aika a kira duk wanda ya zauna zaman farko.

Na ce musu, "Na tafi na gani. Duwatsun na teku ne, kuma na ga kada da anka tono inda babu ruwa. Lissafin shekarun da sunka hwaɗa ban ce na riƙe ba, ban ce na yar ba, ba ni da abin auna shi. Amma abin da Arzika ya hwaɗa a majalisa, akwai masu cin abinci da hwaɗinshi a wata ƙasa. Hankalinshi ɗaya ne. Idonshi ne ya tafi."

Ige ta ɗora hannu a ka. Sahabi ya sunkuyar da kai ya ce, "Mu da ke riƙe da igiyarshi kullum, ba mu gane ba."

Na ce, "Ba ku duba ba. Kun ji gari ya ce hauka kun bi. Ni ma ban duba ba, sai ku rage min nawa kason."

Sannan na juya ga Arzika, don shi ma akwai nasa hukuncin. Na ce Luba za ta kai shi wurin likitan ido in an kwana biyu. Amma ko ya gani ko bai gani ba, ya gama shiga rijiya. Sahabi zai shiga. Shi zai zauna a baki, duk gugan ƙasar da aka jawo a kawo masa ya murza ya faɗi abin da ke gaba.

Ya ce, "Yaya, in idon ya buɗe fa?"

"Ka duba jikokinka da shi."

Bai ji daɗi ba, na gani a fuskarsa, kuma ban janye ba. Malam Namadina ya sa Luba ta maimaita masa lissafin nan sau biyu, ya girgiza kai ya ce mulkin Allah ya fi duk yadda aka zata faɗi, ya yi addu'a aka tashi. Sai dai na san abin da aka faɗa a tsakar gida ba ya isa kasuwa da ƙafarsa.

Washegari da hantsi na sa Ige ta fito masa da farar rigarsa ta Juma'a. Na ɗora hannunsa a kafaɗata muka fita ta babbar hanya, wadda ta bi ta ƙofar masallaci da rumfar mahauta har bakin Gulbi. Duk wanda na hango yana zuwa sai in faɗa masa sunan a hankali, shi kuma ya ɗaga murya ya riga shi sallama, ya tambaye shi gida da gona da mai jiki. Wasu suka amsa suna kallona, na kalle su har suka miƙa masa hannu. A bakin majalisar nan da aka yi masa dariya na tsaya na ce a matsa masa wuri. Aka matsa. Na zaunar da shi a tsakiyarsu, na ce wa Manu ya zo ya ɗauke shi da azahar, ni kuma na wuce tasha na hau motar Birnin Kebbi.